Sawun da Ya Shiga Bai Fito Ba

Tun ba a buɗe ofisoshi ba ƙauri ya cika ƙasan ginin majalisar dokoki ta ƙasa, kuma a ranar da ba a so. Ranar ce kwamitin 'yan majalisa zai zaga ya ga wuraren da ma'aikata ke aiki, kafin a zauna kan dokar kare lafiyarsu da haƙƙinsu. An kwana biyu ana fenti ana ɓoye karyayyun kujeru, sai ga shi an tarar da bangon doguwar barandar ƙasa ya yi baƙi ƙirin. An juye tukunyar kashe gobara kaf, farar hodarta ta lulluɓe daɓe, ƙofar tsira da ke ƙarshen barandar kuma a wangame.

Kafin ka ce kwabo labari ya hau bene ya sauko. Masinjoji suka ce direbobi ne, direbobi suka ce hadiman 'yan majalisa ne masu laɓewa shan taba, masu gadi kuwa kowa sai cewa yake ba shi ne a bakin aiki ba. Mutanen da suka shekara suna shan shayi tare suka koma kallon juna ta wutsiyar ido.

Aka kira Duba-ƙasa, mai binciken sashen tsaro. Tsohon ɗan sanda ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun ɓarayin shanu, kuma ya samo sunan ne don ko gaisawa kuke yi, takalminka yake kallo. Mutum ne mai tumbi da saurin fushi, wanda ba ya yarda da kowa kafin ya karya kumallo, kuma ranar nan bai karya ba.

Ya tarar da Manajan Gini tsaye a kan matakala, hankici a hanci.

"Ka iso? To, ba sai ka wahala ba," in ji Manaja. "Zagon ƙasa ne, kuma mun kama mai shi. Ni ko ƙafata ban sa a hodar nan ba, don kada in ɓata maka aiki."

"Allah ya saka, yallaɓai. Wane ne?"

"Mai Wuta. Wata da watanni yana ihun wayoyin ginin nan sun ruɓe. Yau ya kunna don ya kunyata ni gaban kwamiti. Da bakinsa ya amsa. Da azahar 'yan sanda za su zo su tafi da shi."

Mai Wuta, wato mai gyaran lantarkin majalisa, ƙanen matar Duba-ƙasa ne. In aka tafi da shi da wannan tuhuma, ba aiki kawai zai rasa ba, har fansho, ga gidan yari a gaba. Shi kuma Duba-ƙasa ya san ba zai ƙara cin abinci mai gishiri a gidansa ba.

"Kyamarar tsaro fa?"

"Ta ƙasan nan tana jiran gyara."

Tun Duba-ƙasa bai yi tumbi ba take jiran gyaran. Ya cire takalminsa, ya tsugunna da ƙyar yana nishi, ya fara karatun ƙasa.

Abu na farko da ya gani ya ɓata masa rai. Ƙaton sawun takalmin aikin Mai Wuta ya cika ko'ina, ya je ya dawo, ya je ya dawo, kamar mai sussuka. Ba haka mai gudun wuta ke tafiya ba, kuma ba haka mai duba ɓarna ke tafiya ba. Wannan tattaka ce da gangan. Amma mai tattakar ya yi gaggawa, don a jikin bango wasu sawaye sun tsira: ƙananan silifas na roba, hancinsu yana kallon ciki, wajen soket ɗin da ya ƙone. Can gefe kuma akwai wani rabin sawu mai santsi, gaban takalmi kawai babu diddige, ya nufi ƙofar tsira ya dawo.

Ya bi gefe ya isa ƙofar. Hannuwanta biyu suna da zoben tsatsa, ƙarfen ya lotsa kamar an doke shi da abu mai nauyi. Ya leƙa waje. Simintin bayan ƙofar fes yake, ko ɗigon hoda babu. Ashe ba wanda ya fita ta nan. To mai silifas ya shiga, bai fita ta gaba ba, bai juyo ta baya ba. Ko aljani ne ya kamata ya bar sawun dawowa.

Ya samu Mai Wuta a ɗakin masu gadi, zaune a benci, ya harɗe hannu.

"Kai, ɗan banza, me ka aikata?"

"Abin da suka ce, Yaya."

"Da me ka kunna?"

"Da... ashana."

"Mai gyaran wuta ya rasa abin kunna gobara sai ashana? Kai da ko ƙaryar kuɗin mota ba ka iya ba tun kana zuwa ɗaukar mana saƙo? Sawun wa ka tattake?"

Mai Wuta ya kau da kai. "Yaya, ka bar maganar nan. Ni ma'aikacin dindindin ne. Kafin su kore ni sai sun kafa kwamiti, sai sun ji ta bakina, ƙungiya ta tsaya min. Zan fita."

"Wannan ba kora ba ce, sakarai, ɗauri ne! Ƙungiya ba ta shiga gidan yari da mutum. Me zan ce wa yayarka?"

"Ka ce mata ina gaishe ta."

Duba-ƙasa ya fita yana huci. Amma magana ɗaya ta maƙale masa: ni ma'aikacin dindindin ne. Wanda ya faɗi haka yana tunanin wani ne da ba na dindindin ba.

Ya nufi wurin Mai Shayi, wadda ɗan ɗakinta ke ƙarƙashin matakala. Tana sanye da silifas na roba, kuma tana ganin inda idonsa ya sauka ta janye ƙafa.

"Baba, wallahi ba ni ba ce. Butata tana tafasa a nan, ban taɓa jona ta a soket ɗin can ba. Wa zai taɓa shi? Tartsatsi yake yi in an kalle shi ma."

"Ɗaga ƙafarki."

Ta ɗaga. Ƙafa ce ta mai tsayuwa tun safe, faffaɗa, ta fi sawun da ya gani nesa ba kusa ba.

"Ƙofar tsira fa, da me ake rufe ta?"

Ta dubi sama, wajen ofishin Manaja, ta rage murya. "Ni ban ga komai ba. Amma in ka tambayi makaho ma zai ce maka ya ji ƙarar sarƙa. Wai don kada ma'aikata su riƙa sulalewa kafin a tashi. Ka nemi Ɗan Gayu, hadimin ɗan majalisar nan mai jar hula. Kullum a nan yake laɓewa da tabarsa."

Ɗan Gayu ya yi rantsuwa har ta fi kima, ya ce ya daina taba tun bara, alhali kwalinta yana leƙowa daga aljihunsa. Biri ya yi kama da mutum, har Duba-ƙasa ya fara murna. Sai dai takalminsa mai tsinin baki ne, mai zane a tafi, ba ya cikin sawayen nan uku. Kuma direban ubangidansa ya shaida tare suka shigo bayan an riga an taru.

"Ni ma ai ba ni da kowa a ginin nan," in ji Ɗan Gayu da ya ga ya tsira. "Ranar da oga ya faɗi zaɓe, ranar zan bi shi waje. Ina ni ina tada gobara?"

Hantsi ya yi. Duba-ƙasa ya hau babban zauren shiga, ya zauna a kujerar baƙi, cikinsa na kuka, ransa a jagule. Masu share-share na ta ƙoƙarin gama goge daɓe kafin kwamiti ya sauko. Ba ma'aikatan majalisa ba ne, wani kamfani ne ya kawo su bisa kwantiragi, da shuɗayen riguna iri ɗaya. Shekara da shekaru yana wuce su bai taɓa tsayawa ya kalle su ba, sai yau da ba shi da abin kallo.

Sai ya ga yadda suke tafiya. Kowacce ta sunkuya, mofa a gabanta, tana ja da baya. Ba mai taka inda ta goge. Ɗaya ta gama, ta jingina mofarta, ta nufi ƙofa, kuma ko da babu komai a hannunta, da baya ta fita, tana raɓe da bango.

Ya miƙe zumbur ya koma ƙasa, ya sake tsugunnawa kan ƙananan sawayen. Mai tafiya gaba, diddigensa ne ke fara sauka ya nutse. Waɗannan kuwa yatsu ne suka nutse, diddigen sai dai ya shafi hoda, takun kuma gajere. Ba shiga aka yi ba, fitowa aka yi da baya. Ya ji kunyar kansa, don ya taɓa kama ɓarawon da ya yi masa wannan dabara a daji. Amma wannan ba dabara ba ce, sabo ne.

A ɗakin ajiyar tsintsiya ya tarar da injin goge daɓe an lulluɓe shi da buhu, filoginsa ya narke. Kusa da shi wata 'yar siririyar mata da ake kira Uwar Biyu tana matse mofa a bokiti da hannun hagu. Hannun dama yana cikin safar roba, ta manne shi a ƙirji. Gumi ke tsatstsafo mata, ga ɗakin da sanyi.

"Sannu da aiki, Uwar Biyu. Yaushe kika zama bahaguwa?"

"Sanyi ne ya kama min hannu, Baba."

"Sanyi mai ƙauri?"

Ya ja ƙofa ya rufe, ya sassauta murya, abin da ba ya yawan yi.

"Ƙasa ta gaya min rabi. Gaya min sauran."

Sai hawaye. Ta ce da sassafe ta jona injin, soket ya yi ƙara, wuta ta kama bango. Ta fizge wayar da hannu, a nan ta ƙone. Ta ɗauko tukunyar ta fesa har wutar ta mutu, amma hayaƙi ya rufe ta, ba ta ganin matakala. Ta lalubo ƙofar tsira ta ji sarƙa da kwaɗo. Ta yi ta dukan kwaɗon da gindin tukunyar har ya ɓalle, iska ta shigo. Da ta dawo hayyacinta ta janye injin ta fito, Mai Wuta ya gamu da ita a matakala, ya ga hannun, ya ce ta tafi ta sa safa ta yi shiru.

"Ke da kika kashe gobara kike ɓuya kamar ɓarauniya?"

"Baba, ka tuna Doguwa, mai goge tagogin zauren majalisa? Tsani ya karye da ita. Da hantsi aka ɗauke ta, kafin la'asar kamfani ya kawo wata, aka ba ta rigarta da bokitinta. Mu ba a korar mu, Baba, canja mu ake yi. Mai ciwo ba ta da amfani, mai ƙona inji kuwa ba a magana. Ga 'yan biyu a makaranta, babansu ba ya aiki."

"Da azahar za a tafi da Mai Wuta gidan yari."

Ta ɗago a firgice. "Ya ce min tambayoyi kawai za a yi masa!"

"Haka ya zata."

Duba-ƙasa ya daɗe yana kallon silifas ɗinta. Tausayinta ya kama shi, haushin kansa ya fi. In ya faɗi sunanta ya ceci ƙanen matarsa, amma ya raba 'yan biyu da abincinsu. In ya yi shiru ya bar marar laifi ya tafi.

"Ba zan ambaci sunanki ba," ya ce. "Amma ban yi miki alkawarin Mai Wuta zai tsira ba."

Da kwamiti ya sauko, Duba-ƙasa ya roƙi Shugabar Kwamiti, wata dattijuwar 'yar majalisa mai tabarau, ta tsaya a bakin barandar. Ya sa aka kawo Mai Wuta, da Mai Shayi, da Ɗan Gayu, da masu share-share duka. Manaja ya tsaya kusa da Shugaba yana murmushin da bai kai ciki ba.

"Ranki ya daɗe, mutum uku suka taka hodar nan," in ji Duba-ƙasa. "Na farko shi ya kashe wutar, ba shi ya kunna ta ba. Soket ne ya kama da kansa, ga wayoyin a ruɓe. Hayaƙi ya rufe shi, ya nemi ƙofar tsira ya same ta da sarƙa, sai da ya fasa kwaɗo ya sha iska. Na biyu Mai Wuta ne, ya tattake sawun na farko don ya rufa masa asiri."

"Sarƙa?" in ji Shugaba. "A ƙofar tsira?"

"Ƙarya ne, ranki ya daɗe," Manaja ya yi caraf. "Ina sarƙar? Wa ya gan ta?"

"Na uku ne ya ɗauke ta. Ya yi sanɗa a kan yatsu don kada ya bar sawu, ya je ya dawo. Takalminsa mai santsi ne." Duba-ƙasa ya juya. "Yallaɓai, ka ce min ko ƙafarka ba ka sa a hodar nan ba."

"Haka ne."

"To ɗaga mana ita."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Manaja ya ja da baya, ya fara maganar mutunci da matsayi, Shugaba ta dube shi ta saman tabarau har ya ɗaga. Saman takalmin yana sheƙi, an goge shi sarai. Amma a ɗinkin tafin, daga yatsu zuwa tsakiya, fari ne fat, diddigen kuwa baƙi.

"A durowar tebur ɗinsa yake ajiye makullin kwaɗon," in ji Mai Shayi, wadda bakinta ya buɗe nan take. "Sarƙar ma ba za ta yi nisa da nan ba."

Manaja ya share gumi, amma bai karaya ba. "Ko da na rufe ƙofa, ni ban kunna wuta ba. Wannan ya amsa da bakinsa. In akwai wani mutum na farko, a faɗi sunansa."

Shugaba ta juya ga Duba-ƙasa. "Yana da gaskiya a nan. Ba zan iya hana 'yan sanda mutumin da ya amsa laifi ba saboda sawu. Wane ne?"

"Sawu ba ya faɗin suna, ranki ya daɗe."

"Amma kai ka sani."

Duba-ƙasa ya dubi ƙasa, inda ya saba samun mafita, ƙasa ba ta ce komai ba. Daga saman matakala aka ji takun 'yan sanda. Mai Wuta ya miƙe da kansa ya nufe su.

"Ni ce."

Uwar Biyu ta fito daga cikin shuɗayen riguna. Ta ajiye bokitinta, ta kama bakin safar ta fara ja. Robar ta manne da fata, sai da ta cije leɓe. Da hannun ya fito, Ɗan Gayu ya kau da kai, Mai Shayi ta yi salati.

"Ni na jona inji, ni na kashe wutar, ni na fasa kwaɗo. Ku sake shi, bai yi komai ba sai tausayi."

"Haba, Uwar Biyu," in ji Mai Wuta. "Ai da kin bari."

Shugaba ta cire tabaranta. "Tun safe kike aiki da hannun nan? Maza a kai ta asibitin majalisa."

Ba wanda ya motsa. Sai Mai Shayi ta ce, "Ranki ya daɗe, ba sa karɓar 'yan kwantiragi. Sai mai katin dindindin."

Shugaba ta dubi sauran 'yan kwamitinta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a bango. Ta ce a sallami Mai Wuta, Manaja ya jira ta a ofis, kada kuma a taɓa aikin kowa sai kwamiti ya zauna. Sannan ta riƙe Uwar Biyu a kafaɗa ta ce su je tare, ta ga wanda zai tambaye ta kati.

Uwar Biyu ta fara tafiya, da baya, tana raɓe da bango, idonta a kan bokitin. A gindin matakala ta tsaya.

"Baba, kamfani ba ya jin maganar kwamiti. Don Allah kada a ba wata bokitina."

Ba ta yi ƙarya ba. La'asar ba ta yi ba sai ga wakilin kamfani ya sauko, wata sabuwar mata a bayansa tana riƙe da shuɗiyar riga a ninke. Ya leƙa ɗakin tsintsiya bai ga bokiti ba. Ya fito baranda ya tarar da Duba-ƙasa ya kife shi ya zauna a kai da dukan nauyinsa, mofa a hannu kamar sanda, Mai Wuta tsaye a gefensa.

"Baba, kayan aikinmu ne ka zauna a kai."

"Na sani."

"To a ba wannan, ta fara aiki."

Duba-ƙasa ya ɗago kai. Ranar ce aka fara ganin ya kalli mutum a ido maimakon takalmi.

"Mai shi tana asibiti," ya ce. "Za ta dawo. In kana gaggawa, zo ka ɗaga ni."